Agaji A Waje, Kewa A Gida: Darasin 'Yan Kweka Daga Yaƙin Basasa

Duk wanda ya taɓa kwana a unguwannin Hausawa na tsohon Yankin Gabas ya san wannan lokaci na bayan sallar isha'i. A kewayen babban masallacin Titin Bida a Anacha, ko a Gariki ta Inugu, ko a lungunan Diobu a Fatakwal, da zarar an rufe rumfuna, mai shayi ya hura wuta, sai ka ga maza sun ja gefe ɗaya bayan ɗaya, kowa da waya a kunne. Wannan yana tambayar jikin yaro a Gwadabawa, wancan yana ba da haƙuri kan kuɗin cefanen da bai isa Kazaure ba, wani kuma ya yi shiru yana sauraron muryar da ya yi watanni bai ga mai ita ba.

Ma'aikacin gwamnatin tarayya da ke zaune a Abuja, iyalinsa na Katsina ko Gusau, ba baƙon wannan hali ba ne. Haka jami'in agaji da aka tura Maiduguri, da likitan da aka aika wata ƙasa, da hadimin da ba ya sanin inda zai kwana sai ya ga jadawalin maigidansa. Abin da ya haɗa su shi ne wata tambaya da ba a cika yin ta a ofis ba: idan mutum ya tafi yi wa jama'a hidima a nesa, wa ke biyan kuɗin tafiyar a gida?

Akwai wata ƙaramar jama'a ta Kiristoci da ta shafe fiye da shekara 350 tana kokawa da wannan tambaya, kuma ƙafarta ta taka ƙasar nan a lokacin da garuruwan nan uku suka zama fagen daga. Su ne 'yan Kweka.

Su wane ne 'yan Kweka?

Asalin sunansu Jama'ar Aminai. Sun ɓullo a Ingila a tsakiyar ƙarni na 17, a ƙarƙashin wa'azin George Fox, wanda aka haifa a 1624. Sunan Kweka kuwa laƙabin ba'a ne da wani alƙali ya liƙa masu a garin Derby a 1650, bayan Fox ya ce masa ya yi makyarkyata saboda tsoron Ubangiji. Ma'anar kalmar ke nan: masu makyarkyata. A tsarinsu na asali ba su da limamin coci. Suna taruwa su zauna shiru har sai wani ya ji akwai abin da ya wajaba ya faɗa. Ba sa rantsuwa a kotu, domin a ganinsu maganar mai gaskiya ba ta buƙatar tokara. Ba sa ɗaukar makami. Suna cikin na farko da suka fito fili suka yaƙi cinikin bayi. A yau ƙasar da ta fi yawan mabiyansu ita ce Kenya, inda suka kafa mishan a Kaimosi a 1902.

Ƙin ɗaukar makami ne ya tura su aikin agaji. Tun da ba za su yi yaƙi ba, sai suka zaɓi su shiga inda yaƙi ya bar ɓarna. A 1917 'yan Kwekan Amurka suka kafa kwamitin hidima da aka fi sani da AFSC. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya sun ciyar da yaran Jamus, ƙasar da ƙasashensu suka gama yaƙa, har yawan yaran ya kai kusan miliyan 1 a rana. A yunwar Rasha ta 1921 zuwa 1922 sun yi aiki a yankin Buzuluk, inda zazzaɓin taifus ya kashe wasu daga cikin ma'aikatansu. A 1947 aka ba ƙungiyoyin hidimarsu biyu, ta Amurka da ta Birtaniya, lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya.

Ranar da zango ya watse

Kafin a fahimci abin da suka tarar a Najeriya, sai an koma ga tarihin unguwannin nan. Hausawa sun daɗe a Gabas. Maharba giwa sun kafa zango a Elele, kusa da Fatakwal, tun ƙarshen ƙarni na 19. Da aka gano kwal a yankin Udi a 1909, aka kuma shimfiɗa layin dogo daga Fatakwal zuwa Inugu a 1916, daga baya ya haɗe da Arewa, sai fataken shanu da masu goro da mahauta suka biyo hanya. Anacha kuwa kogin Kwara ne ya mai da ita matattarar fatauci tun kafin a gama gadarta a ƙarshen 1965. Zaman ya yi nisa har Malam Umaru Altine, mai fataucin shanu daga lardin Sakkwato, ɗan jam'iyyar NCNC, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950, matarsa kuma 'yar ƙabilar Ibo ce.

Shekarar 1966 ta rushe wannan gini. Juyin mulkin 15 ga Janairu ya ci ran Sardauna Ahmadu Bello da Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa. Na 29 ga Yuli ya biyo baya. A watan Mayu, sannan a Satumba da Oktoba, aka kashe dubban 'yan Gabas a garuruwan Arewa, waɗanda suka tsira suka kwarara gida. A Gabas ma an far wa 'yan Arewa. Gwamnan yankin, Laftanar Kanar Odumegwu Ojukwu, ya umarci waɗanda ba 'yan yankin ba su fice, yana cewa ba zai iya lamunce tsaronsu ba.

Littattafan tarihi sun lissafa bataliyoyi da taruka, amma ba su cika tsayawa kan abin da umarni irin wannan ke yi wa ɗakin aure ba. Bahaushen da ya auri 'yar gari a Anacha ko Inugu ya wayi gari da zaɓi biyu, kowanne da ɗaci: ya tafi da ita Arewa, inda 'yan uwanta ke gudu, ko ya bar ta da 'ya'ya a inda shi ba zai iya zama ba. Haka abin ya kasance ga ɗan Ibo mai mata Bahaushiya a Sabon Garin Kano.

An ayyana Biyafara ranar 30 ga Mayu, 1967, aka fara harbi ranar 6 ga Yuli. Inugu ta faɗa hannun sojojin tarayya a farkon Oktoban 1967. Runduna ta 2 ta Kanar Murtala Muhammed, bayan ta yi asara mai yawa a yunƙurin ƙetare kogi daga Asaba, ta kama Anacha a Maris ɗin 1968. Fatakwal ta faɗa hannun rundunar Kanar Benjamin Adekunle a watan Mayun 1968. Faɗuwar Fatakwal ce ta raba Biyafara da teku da babban filin jirginta, daga nan yunwa ta kafa sansani. Hotunan yara masu kumburarren ciki da jan gashi suka cika jaridun duniya. Ƙiyasin waɗanda suka mutu ya bambanta, daga dubu 500 zuwa fiye da miliyan 2, akasarinsu fararen hula da yunwa da cuta suka kashe.

Masu magani da masu saƙo

Ƙungiyoyin agaji da dama sun shigo. Red Cross ta duniya da gamayyar coci-coci sun riƙa jigilar abinci cikin dare zuwa Uli, wani yankin titin mota da aka mai da shi filin saukar jirgi. Aikin na da hatsari: ranar 5 ga Yuni, 1969, aka harbo wani jirgin Red Cross. Daga cikin likitocin Faransa da suka yi aiki a can ne aka sami waɗanda suka kafa ƙungiyar likitoci ta MSF a 1971.

'Yan Kweka ba su kai waɗannan girma ba, amma sun bambanta da abubuwa biyu. Na farko, sun dage kan yin aiki a ɓangarorin biyu, wato a cikin Biyafara, inda suka haɗa hannu da 'yan Mennonite wajen aikin asibiti da ciyarwa, da kuma a yankunan da ke hannun gwamnatin tarayya. A lokacin da Legas ke zargin wasu ƙungiyoyin agaji da zama kakakin 'yan aware, wannan tsayuwa a tsakiya ta saya masu amana.

Na biyu, amanar ta buɗe masu wata ƙofa. Mutum uku daga cikinsu, Adam Curle, malamin jami'ar Harvard a lokacin, da John Volkmar, wanda ke aiki daga Lome a Togo, da Walter Martin na ofishinsu a Majalisar Ɗinkin Duniya, sun shafe tsawon yaƙin suna kai da kawo saƙonni tsakanin Janar Yakubu Gowon da Ojukwu. A fadar Dodan, ɗaya daga cikin waɗanda suka riƙa hulɗa da su shi ne Alhaji Hamzat Ahmadu, babban sakataren Gowon, wanda daga baya ya zama jakada. Sun yi aiki a bayan fage yayin tarukan sulhu na 1968, shekarar da aka zauna a Kampala da Yamai da Adis Ababa. Babu taron da ya tsayar da yaƙin. Sai da Philip Effiong ya miƙa wuya a Legas ranar 15 ga Janairu, 1970. Duk da haka, masu nazari irin su Mike Yarrow, wanda ya wallafa littafi kan sasancin 'yan Kweka a 1978, na ganin cewa saƙonnin sun taimaka wa kowane ɓangare ya ci gaba da ganin ɗayan a matsayin mutum.

Wannan shi ne ɓangaren da tarihi ya rubuta. Ɓangaren da ya rage a inuwa shi ne na waɗanda aka bari a gida. A wancan zamani babu wayar hannu. Wasiƙa daga yankin da aka killace sai ta sami wanda zai fita da ita a jirgin dare. Matar da mijinta ya shiga jirgin da zai sauka a Uli cikin duhu ba ta da abin yi sai sauraron rediyo. Aikin sasanci kuma sirri ne ginshiƙinsa, don haka mai yin sa kan dawo da nauyi a ƙirji wanda ba ya da ikon sauke wa kowa. Duk hadimin da ya taɓa zama a ɗakin da ake yanke babbar shawara, ya koma gida aka tambaye shi yaya aiki ya ce alhamdulillahi kawai, ya san irin wannan shiru.

Tsohon ciwo ne a gidansu

'Yan Kweka ba a Najeriya suka fara sanin wannan ciwo ba. Da shi aka haifi tafiyarsu. George Fox ya auri Margaret Fell, wata bazawara mai gida a Swarthmoor a arewacin Ingila, a birnin Bristol a 1669. Kafin auren sai da ya nemi jin ta bakin 'ya'yanta, ya kuma nesanta kansa daga dukiyarta. Kwanaki kaɗan bayan ɗaurin auren kowa ya kama hanyarsa. A 1670 aka tsare ta a kurkukun Lancaster. A 1671 shi kuma ya hau jirgin ruwa zuwa Barbados da Jamaika da Amurka, bai dawo ba sai 1673, da dawowarsa aka kulle shi a Worcester har 1675. A cikin shekara 21 na aurensu, sau biyu kawai ya yi doguwar zama a gidanta. Ya rasu a Landan a 1691 tana can arewa, a wasiƙa labarin ya same ta. Bayan rasuwarsa sai da ta yi rubutu tana bayyana cewa rabuwar tasu da yardar su biyun ce, saboda akwai masu tsegumi a kai. Wato ko a tsakanin mabiyansu, akwai waɗanda abin bai kwanta masu ba.

John Woolman, wani tela daga New Jersey da ya yi suna wajen yaƙi da bautar da mutane, ya bar matarsa da 'yarsa a 1772 ya tafi Ingila wa'azi. Cutar agana ta kama shi, ya rasu a York a Oktoban shekarar, iyalinsa na can hayin teku.

Ba maza kaɗai ba. Elizabeth Fry, wadda ta fara shiga kurkukun Newgate a 1813 ta kuma sauya yadda ake kula da fursunoni mata a Turai, uwar 'ya'ya 11 ce. Masu suka sun zarge ta da sakin gida saboda hidimar waje, littafin sirrinta kuma cike yake da kokawa tsakanin kiran aiki da haƙƙin 'ya'ya. A 1828 bankin mijinta ya karye. Ingila ta karrama ta da sanya hotonta a takardar fam 5, amma gidanta ne ya ɗauki nauyin da jama'a ba su gani ba.

Abin lura shi ne, ba su tsaya ga yabon masu sadaukarwa ba, sun yi wa abin tsari. A al'adarsu, wanda ya ji kiran tafiya hidima ba ya ɗaukar jaka haka kawai. Yakan kai maganar gaban taron jama'arsa, su tattauna, su auna ko kiran na gaskiya ne ko zumuɗi, su duba bashin da ke kansa da halin da zai bar iyalinsa. Idan sun gamsu sai su ba shi takardar tafiya, galibi su haɗa shi da abokin rakiya. Ba da takardar na nufin jama'a sun ɗauki wani kaso na nauyin gidansa. Idan ya dawo zai mai da takardar, ya ba da bayanin abin da ya gani. Tun 1675 suka kafa majalisa ta musamman don kula da waɗanda aka tsare da abin da ya shafe su. Haka kuma suna da al'adar naɗa ƙaramin kwamiti da zai zauna da mutum, ko ma'aurata, kafin babbar shawara. Kwamitin ba ya yanke hukunci, tambayoyi kawai yake yi har mai shawarar ya ga gabansa sarai.

Inda igiyar ke tsinkewa

Duk wanda ya zauna da ma'aikatan agaji, na da da na yanzu, zai ga cewa wuraren da auren ke jin jiki ba su sauya ba.

Na farko shi ne rashin daidaiton yabo. Wanda ya tafi shi ake tafa wa, shi ake ba lambar girma. Wadda ta zauna ta kai yaro asibiti da tsakar dare, ta yi fama da mai gidan haya, ta yi jinyar surukai, ba ta cikin rahoton ƙarshen shekara. Kuma da wuya ta yi ƙorafi, domin wa zai iya cewa ciwon kansa ya fi yunwar yaran sansani? Sai ta haɗiye, abin ya taru.

Na biyu shi ne tsoro. Wannan ba labarin 1968 kaɗai ba ne. Harin bam a ginin Majalisar Ɗinkin Duniya a Abuja ranar 26 ga Agusta, 2011, ya nuna cewa ko ofis ba mafaka ba ne. A Rann ta jihar Borno, jirgin yaƙi ya jefa bam bisa kuskure kan sansanin 'yan gudun hijira a Janairun 2017, ma'aikatan agaji na cikin waɗanda suka mutu. A 2018 aka sace ungozoma biyu masu aiki da Red Cross a garin, aka kashe su a watannin Satumba da Oktoba. Duk gidan da ke da mutum a irin wannan wuri, ƙarar waya da dare ba ta zama abin wasa.

Na uku shi ne dawowa, kuma shi ne wanda aka fi rainawa. Mutumin da ya ga yara suna mutuwa a hannunsa yakan dawo da gajeren haƙuri kan ƙananan buƙatun gida. A ce masa gas ya ƙare ko ɗinkin biki bai fito ba, sai ya ji kamar ana wasa da hankalinsa. Ita kuma ta saba yanke shawara ita kaɗai, ta tsara gidan yadda zai tafi ba tare da shi ba, sai ga shi ya dawo yana neman kujerarsa. 'Ya'ya suna yi masa kallon baƙo. Kowa na ganin ɗayan ne ya sauya, alhali dukansu sun sauya.

Na huɗu shi ne zato. Nisa gona ce mai kyau ga jita-jita, kuma Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A wurinmu akwai ƙarin wani salo: namijin da ya daɗe a wurin aiki yakan ƙara aure a can, abin da shari'a ta halatta, amma sau da yawa uwargida a bakin duniya take jin labarin, rabon kwana da na ciyarwa kuma ya zama sai yadda hali ya yi. Idan macen ce aka tura, nauyin tsegumin ya fi yawa, kuma sau da yawa aikin ne ke faɗuwa.

Abin da ke hannunmu tun da

Ba sai mun yi aron hankali daga Ingila ba. Musulunci ya daɗe da sanya haƙƙin iyali a ma'auni ɗaya da hidimar jama'a. Sayyidina Usman ɗan Affan bai halarci yaƙin Badar ba saboda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya zauna jinyar matarsa Nana Ruƙayya, aka kuma ba shi rabonsa kamar wanda ya halarta. Wani sahabi da aka rubuta sunansa cikin mayaƙa alhali matarsa ta fita aikin hajji, an ce masa ya je ya raka ta. Malaman tarihi sun kawo cewa Halifa Umar, bayan ya ji koken wata mata da mijinta ke bakin daga, ya tambayi 'yarsa Nana Hafsa iyakar haƙurin mace, sannan ya ƙayyade wa mayaƙa 'yan watanni da ba za su wuce ba sai sun dawo gida. Fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke bi ya ba mace damar kai ƙara idan rashin miji ko rashin ciyarwa ya cutar da ita. Shehu Usman Ɗanfodiyo ma, a cikin Nurul Albab, ya soki malaman da ke karantar da ɗaliban waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Bahaushe ya taƙaita duka a tambaya ɗaya: gida bai ƙoshi ba, a kai wa dawa?

Zangon Kudu ma yana da nasa tsari. Sarkin Hausawa da limami da maigidan da ke saukar da fatake sun daɗe suna yin aikin da ya yi kama da na taron 'yan Kweka: su ake ba amanar saƙo, su ke tara kuɗin mai da gawa ko mara lafiya gida, su ke kiran mutum gefe su ce malam, ka daɗe, ya kamata ka leƙa iyali. Bayan 1970 Hausawa sun koma Inugu da Anacha da Fatakwal sun sake gina zaman, duk da girgizar da ta biyo baya, irin ta Anacha a Fabrairun 2006 da ta Oyigbo a Oktoban 2020. Bayan kowace fitina, abin da mutane da yawa kan fara yi shi ne mai da mata da yara Arewa, su su zauna neman abinci. Ta haka tsaro kan samu, zaman tare kuma ya tafi.

Abin da ya rage wa ofisoshinmu

Najeriya a yau ita ma mai aika agaji ce. Tun 1987 shirin TAC ke tura likitoci da malamai da injiniyoyi zuwa ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik na tsawon shekara 2. Sojojinmu sun yi Laberiya da Saliyo da Darfur. An kafa hukumar NEMA a 1999, aka kafa ma'aikatar jin ƙai a 2019. An kuma fara amincewa cewa ma'aikaci yana da gida: hukumar NYSC na barin matan aure su yi hidima a jihar da mazajensu suke, a 2021 kuma gwamnatin tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikacin da matarsa ta haihu.

Amma har yanzu takardar tura ma'aikaci takan zo ne kamar ba shi da kowa. Akwai gyare-gyaren da ba sa buƙatar sabon kasafi mai yawa. A sanar da mutum tsawon zaman da zai yi, a kuma cika alkawari, domin jiran da aka san ƙarshensa ya fi sauƙin ɗauka. A tsara hutun komawa gida a kai a kai ga masu aiki a wuraren hatsari, kamar yadda hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ke yi wa nasu. A biya alawus a kan lokaci, domin jinkirinsa a tukunyar gida yake bayyana. A ware jami'in da iyali za su iya kira idan waya ta yi shiru. A ba wanda ya dawo daga fagen bala'i damar ganin masanin lafiyar ƙwaƙwalwa ba tare da an yi masa kallon rago ba. Shugaban sashe da babban sakatare da mai girma da ke da hadimai, duk suna da ikon fara wasu daga cikin waɗannan gobe da safe.

Shi ma ma'aikacin akwai nasa. Ya yi shawara da matarsa kafin ya karɓi aikin, ba ya sanar da ita bayan ya sa hannu ba. Ta san abin da ke shigowa da inda takardu suke. A samu dattijo ɗaya daga kowane ɓangare da aka yarda da shi, wanda zai riƙa leƙa gidan. Idan ya dawo, ya shigo da sallamar baƙo mai ladabi, ya saurara kafin ya fara gyara. Ya kuma furta godiya da baki, domin rabin ladan aikin nata ne.

Kowace shekara, ranar 15 ga Janairu, ana ajiye furanni a Abuja don tunawa da mazan jiya, kuma sun cancanta. Sai dai babu wanda ke karanta sunan matar da ta yi wata 30 tana kasa kunne ga rediyo, a Kano ne ko a Aba ko a wani ƙauyen Ingila. 'Yan Kweka ba su warkar da wannan ciwo ba. Auren wanda ya kafa tafiyarsu ma shaida ne. Abin da suka yi shi ne sun ƙi yarda a ce lamarin na mutum biyu ne kawai. Sun ɗauka cewa jama'ar da ta aiki mutum, bashin gidansa na wuyanta. Mutanen da ke tsaye da waya a kunne a Titin Bida da daren nan, da takwarorinsu a Nyanya da Kubwa, ba su nemi fiye da haka ba.